Amsoshin Wasiƙunku: Jirgin Yaƙi A Cikin Kwali

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani magidanci a Kano. Ya ce ƙaninsa da ke karatu a Ingila ya aiko wa ɗansa wani kwali mai hoton jirgin yaƙi, an rubuta Hurricane da 1:72 a jiki. Da aka buɗe sai ga gutsattsarin roba birjik, babu jirgi. Yana tambaya, shin mene ne wannan, kuma ba zai ɗauke wa yaron hankali daga karatu ba?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Jirgin yana nan cikin kwalin, haɗa shi ne ya rage. Ita lambar 1:72 ma'auni ce, watau inci ɗaya a jikin ƙaramin daidai yake da inci 72, ko ƙafa 6, a jikin na gaske. Faɗin fukafukan Hurricane ƙafa 40 ne, ka ga ke nan na yaronka zai fito inci 6 da kashi biyu cikin uku. Ka sa shi ya yi wannan lissafi da kansa kafin ya taɓa komai. Karatu ya fara ke nan.

Shi wannan jirgi wani injiniya mai suna Sydney Camm ne ya tsara shi, ya fara tashi a 1935, kuma yana cikin jiragen da suka kare Ingila daga farmakin Jamus a 1940. Abin da zai ba ka sha'awa, Malam, ya sauka a garinku. Tun daga 1940 Ingilishi suka riƙa kawo irinsa ta teku a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a Gana ta yanzu. A can ake haɗa su, sa'annan su taso su biyo ta Ikko, Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har Masar, inda ake gwabza yaƙi.

Yanzu ga yadda ake yi. Da farko ya karanta takardar da ke ciki, ya bi lambobin bi da bi. Kada ya fizge guntayen da hannu, ya yanke su da reza, babba na kusa, ya goge bakin yankan da samfefa mai laushi. Kowane biyu ya gwada su a bushe tukuna, ya ga sun zauna. A fara da mazaunin matuƙi, a yi masa fenti tun da wuri, domin da zarar an rufe gangar jikin, buroshi ba ya shiga.

Maganar gam, a nan ake yawan yin ɓarna. Gam ɗin wannan aiki narkar da robar yake yi ta haɗe da 'yar'uwarta, saboda haka ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya isa. In ya yi yawa zai cinye fuskar jirgin, yatsa kuma ya bar shaida. Murfin nan mai kama da gilashi a liƙa shi da farin gam na kafintoci, don mai ƙarfin yana sa shi ya yi hazo. Sholisho na masu faci ba shi da aiki a nan. Kuma don Allah a buɗe taga, a ajiye gam da fenti a hannun babba, warinsu ba abin shaƙa ba ne.

Fenti a tsinka shi, a shafa sau biyu ko uku, kowace shafa ta bushe kafin ta gaba. Lokacin hunturu a kife kwano a kai saboda ƙura, kada kuma a shanya a rana, robar lanƙwashewa take yi. Tambarin da ke kan takarda a tsoma shi a ruwan ɗumi na ɗan lokaci, ya zame da kansa zuwa gurbinsa, a danna da auduga.

To inda ake gane gwani shi ne wajen ado, kuma adon nan ba na son rai ba ne. Sai ya zaɓi jirgin wane wuri ne, na wace shekara. Na Ingila a 1940 kore ne da ruwan ƙasa. Na hamada, daga baya, ruwan ƙasa ne da launin rairayi, cikinsa shuɗi, ga matatar ƙura a ƙarƙashin hanci. In zai nuna inda fenti ya ɗaye ƙarfe ya bayyana, ya yi a gaba da gindin fiffike inda matuƙi ke takawa. Kada ya yi a bayan gangar jikin, domin wannan wurin na Hurricane da ƙyalle aka rufe shi. Baƙin hayaƙi kuwa, garin bakin fensir kaɗan a bayan salansa ya wadatar.

Kada ka raina abin, Malam. A 1942 sojan ruwan Amurka sun nemi 'yan makaranta su sassaƙa ƙananan jirage 500,000 da wannan ma'auni na 1:72, don koya wa mayaƙa bambanta jirgin gida da na abokan gaba.

Shawarata, ka bar shi ya yi, amma ka yanka masa lokaci, Asabar da Lahadi bayan ya gama aikin makaranta. In na farko ya fito a karkace kada ka yi masa dariya, sannu ba ta hana zuwa. Ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi sunan kowane guntu da amfaninsa.

Da fatan mun gamsar da kai. Allah ya raya mana zuriya. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.