Shawarar jinjiri: yadda za mu gane yaro ya kama hanyar samun sauƙi

Iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, da ƴan uwanmu da ke wajen bida waɗanda wannan takarda za ta iske.

An ba mu dama mu yi magana bisa ciwon shawara na jinjirai. Aikinmu koyarwa ne, amma maganar ta shafe mu, domin shawarar da ta yi tsanani a satin farko tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro kurma ko da shanyewar jiki, kuma sai shekarun shiga lakkol sun zo ake ganin girman asarar.

Ga asalin abin. Jinjiri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa. Idan suka tsufa suka fashe, suna barin wani abu mai ruwan ɗorawa wanda likitoci ke kira bilirubin. Hanta ce ke tace shi, ya fita tare da kashi. To, hantar jinjiri ba ta gama ƙwari ba, sai abin ya taru ya rina ido da fata. Cikin yara 10 da suka cika watanninsu, kamar 6 suna yin ta. Cikin bakwaini, kamar 8. Yawanci tana bayyana kwana na 2 ko na 3, ta kai iyakarta tsakanin kwana na 3 da na 5, ta wuce kafin sati 2. Bakwaini yana iya kai sati 3.

Ku lura da waɗannan kwanaki. Duk suna faɗawa kafin suna, wato lokacin da mai biƙi ke cikin ɗaki, yaro a naɗe cikin zane, ɗakin kuma ba haske. Da hasken fitila ko na salula ba a ganin ɗorawa. Sai a kawo yaron bakin ƙofa da hantsi, kowace rana, a dubi farin idonsa da dasashinsa. Da yake fatarmu baƙa ce, sai a ɗan danna goshi ko hanci ko ƙirji da yatsa, a ɗaga, a dubi launin wurin.

Shawara tana da hanyar da take bi. Daga fuska take farawa, ta gangara ƙirji, ciki, cinyoyi, har tafin hannu da tafin ƙafa in ta yi yawa. In za ta tafi, baya take komawa: ƙafafu su fara washewa, sannan ciki da ƙirji, ido shi ne na ƙarshe. Don haka yaron da jikinsa ya washe, saura ɗan ɗorawa a ido, yana bisa hanya. Wanda jiya iyakarta ƙirji, yau ta wuce cibiya, shawararsa ƙaruwa take.

Amma launi kaɗai ba ya isa, kuma nan ne muke so iyayenmu mata su ba mu kunne. Mun saba yabon jinjiri mai barci, mu ce yaron kirki ne, ba ya damun uwarsa. A cikin shawara wannan barci abin tsoro ne. Yaron da ke samun sauƙi yana farkawa da kansa, ya nemi nono, ya kama da ƙarfi, a ji yana haɗiya. Zai sha sau 8 zuwa 12 cikin yini da dare. Wanda sai an girgiza shi, ya tsotsa sau biyu ya saki, ba hutawa yake ba.

Ku gafarce mu, dole mu ambaci tsumma a gaban manya. Daga kwana na 5, yaron da ke ƙoshi yana jiƙa tsumma kamar sau 6 a rana, da fitsari mai haske. Kashinsa yana tashi daga baƙi mai danƙo na kwanakin farko, ya koma kore, sannan ɗorawa. Wannan ɗorawar ita muke nema, domin cutar ce ke fita. Shi ya sa zubar da dakashi hasara ce: shi ne ke tura kashin farko waje. Ruwa, ruwan sukari ko bauri suna cika cikin yaro, su rage masa shan nono, shawara kuwa ba su wanke ta. A sikeli kuma, nauyin da ya ragu bayan haihuwa ya kamata ya dawo wajen sati 2.

Akwai lokacin da ba a jira. In ɗorawa ta fito cikin yini na farko, ko ta kai tafin hannu da na ƙafa, ko yaro ya ƙi nono, yana kuka mai tsini, yana banƙarewa, ko jikinsa ya yi zafi, a tafi likita a wannan sa'a, ko da dare ne. Haka in ta wuce sati 2, balle in kashi ya yi fari kamar alli, fitsari ya yi duhu. Wannan yana iya nuna hanyar matsarmama ce ta toshe, aikinta kuwa ya fi yin nasara kafin yaro ya cika wata 2.

A asibiti ana sa yaro ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, a rufe masa ido. An fara wannan magani a Ingila cikin 1958. Shanya jinjiri a ranar ƙasarmu ba ya maye gurbinsa, sai dai ya ƙona shi ya busar da ruwan jikinsa. Ku sani kuma, fitilar tana washe fata kafin jini ya washe. Awon jini ne ke faɗin gaskiya, saboda haka in an ce a komo gobe a sake awo, a komo, ko da yaro ya yi kyan gani. A gida a nisanta kafur daga tufafinsa, kada kuma a sa masa lalle, domin akwai yaran da aka haifa da jinin da waɗannan abubuwa ke fasawa.

Ku ƴan uwa da ke Yamai, Ikko, Abijan ko Libiya, in kun kira gida aka ce yaro lafiya lau, kada ku tsaya nan. Ku tambaya sau nawa ya sha nono yau, tsumma nawa ya jiƙa, wane launi kashinsa yake, ɗorawar kuma ina ta tsaya jiya, ina take yau. Cikin kuɗin da kuke aikowa na ragon suna, ku ware na mota zuwa likita, ku faɗi sunan wanda zai raka mai biƙi. Ku kuma iyayenmu dattawa, muna roƙon ku ba da izini tun yanzu, cewa in an ga ɗaya daga cikin alamun nan, mai biƙi ta fita da ɗanta kafin kwana bakwai ba tare da an jira amsar maigida daga nesa ba.