Yaron CI a garin uraniyom: baƙi, lissafi da iyo

Jawabi a taron matasan unguwanni na Arlit, gabanin komawa lakol

 

Yau maganar ɗan shekara shida ko bakwai za mu yi, wanda zai shiga CI da allo da alli a hannu. Abu ukku muke nema masa: ya gane baƙi, ya iya lissafi, ya iya iyo.

Mu fara da karatu. Binciken PASEC na 2014 ya nuna a Nijar, cikin yara goma da ke gama firamare, tara ba su kai matakin karatun da ake buƙata ba. Daga aji na farko matsalar ke farawa. Yaro ya tashi da Tamajak ko Hausa, ranar farko a tarbe shi da Faransanci. Sai ya riƙa maimaita abin da mushe ya faɗa kamar aku, ba tare da ya san ma'ana ba. Tun 1973 ƙasar nan ta gwada koyarwa da harsunan gida, kuma a 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. To mu nemi yaro ya fara haɗa baƙi da wasali da harshen da uwarsa ke masa magana, Faransanci ya biyo baya.

Lissafi kuwa, yaranmu sun iya shi tun kafin lakol. Aiki yarinya kasuwa da dala ashirin, ta san abin da za ta sayo, ta san canjinta. A aji sai a rubuta mata 100 F, ba wanda ya gaya mata kuɗin nan ne dai, dala guda tamkar faran biyar. Da tsakuwa, da ƙwallon dabino, da murfin kwalba ana koyar da tarawa da ɗebewa. Wannan ba ya jiran kasafin Yamai.

Na ga wasu na murmushi da na ce iyo. Iyo a hamada? Ku tuna Satumba 2009, da Telwa ta ɓalle ta shiga Agadas. Ku tuna 2024, da ambaliya ta kashe mutane sama da 300 a ƙasar nan, har aka ɗage buɗe makarantu zuwa 28 ga Oktoba. Idan ruwa ya sauka a duwatsun Ayar, ƙorama na zuwa ko da a gari ba a yi yayyafi ba. Bayan ta wuce, ramukan da aka haƙi ƙasar gini sukan cika, yara su ruga wanka. Yaron da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, shi ne ya fi shiga haɗari.

Wa zai biya? SOMAÏR na haƙo uraniyom a nan tun 1971. COMINAK ta yi aiki a Akokan daga 1978 har ta rufe ranar 31 ga Maris 2021. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu domin ƙananan hukumomin jahar da ake haƙar. A Yuni 2025 gwamnati ta karɓe SOMAÏR daga hannun Orano. Yanzu ba mai ce mana sai an tambayo Paris.

Ga abin da za mu kai wa hukumar gari a rubuce. Ɗaya, a liƙa nawa ya shigo daga kashi 15 ɗin, nawa ya tafi azuzuwan CI da CP. Biyu, littafin karatu guda ga kowane yaro, cikin harshensa. Ukku, ƙaramin wurin koyon iyo na jama'a, da mai koyarwa, da ranar ƴan mata daban, kuma a auna ruwan a bayyana sakamako, domin ƙungiyar Aghir In'man da masanan CRIIRAD sun daɗe suna jan hankali kan ruwan garin nan.

Namu aikin kuma: kowane mai bak ko digiri a cikinmu ya ɗauki yara biyar na unguwarsu, awa guda bayan la'asar, kwana ukku a sati. Ku shiga taron COGES na lakol ɗin ƙannenku, ku yi tambaya. Takardar sa suna na bakin ƙofa. Allah ya raya mana su.