Wani Baƙin Cikin Daga Jiki Yake Tasowa

 

Yau maganarmu a kan matar nan ce da kowa ya sani da fara'a, sai aka wayi gari ta yi shiru. Ba ta son hira, abinci sai an matsa mata, barci ya ƙaurace mata, abu kaɗan sai kuka. Uwar miji ta ce lalaci ne, maƙwabta su ce kishi ne, wasu su ce iska ce ko sammu. To Uwargida, kafin a yanke hukunci a tambaya tukuna: shin jikinta lafiya kuwa?

Idan irin wannan hali ya kai mako 2 ko fiye, likitoci suna kiransa ciwon damuwa, kuma sau da yawa wata cuta ce a jiki take haddasa shi. Bari mu ɗauki guda 3.

Ta farko ƙarancin jini. Haihuwa kusa-kusa, zubar jini, da zazzaɓin cizon sauro duk suna kawo shi. Sai kasala da jiri, shara ma ta gagara, rai ya yi ta ɓaci ba dalili.

Ta biyu matsalar ƙullutun nan na gaban wuya, inda maƙoƙo yake fitowa. Idan aikinsa ya yi rauni, sai mace ta riƙa jin sanyi, ga mantuwa, ga bushewar fata, ga ƙunci. Yakan faru a watannin bayan haihuwa, ko da wuyan bai kumbura ba. Gwajin jini yana nuna shi, kuma akwai ƙwayar da ake sha kullum.

Ta uku ciwon zuciya, kuma wannan labarin namu ne na Zariya. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun wallafa bincike a kan mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza a gab da haihuwa ko bayanta, waɗanda aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello. Sun danganta abin da yawan shan kunun kanwa, da tsananin zafin wankan jego, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Alamunsa haki, kumburin ƙafa, da tarin dare. To fisabilillahi, maijegon da ba ta iya ɗaukar jaririnta sai da haki, yaya ranta ba zai ƙuntata ba? Idan damuwar ta yi ƙarfi kuma, sai ta daina shan magani, ciwon ya ƙaru.

Saboda haka 'yar uwa, idan kin je asibiti kada ki tsaya ga "kaina ke ciwo". Ki faɗa wa likita duka: rashin barcin, da kukan, da hakin. Ki nemi a auna jininki, a duba hawan jini da suga. Ga asibitin koyarwa na Shika, ga na Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga kuma ƙananan asibitocin unguwa. Addu'a a ci gaba da yi, amma a haɗa da magani. Wani lokaci jiki ya warke damuwar ba ta tafi ba. Ita ma tana da nata maganin, kuma ba hauka ba ce.

Maigida, da ke Inna, ku saurara da kyau: duk ranar da kuka ji ta ce gara ta mutu ta huta, kada a ɗauka raki ne. Kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalam.