Daga Filin Masaƙa Zuwa Kofin Duniya

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu sarakuna, malamanmu, shugabannin ƙungiyarmu ta ci gaban Mairuwa, 'yan uwa da suka taso daga Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara.

Na san wasu za su yi mamakin ganin tsohon hedimasta ya bar maganar allo da alli ya kama ta ƙwallon ƙafa. Ku yi mini uzuri, a ƙarshe filin makaranta zan dawo da ku.

Nijeriya ta fara neman shiga gasar cin Kofin Duniya tun farkon samun 'yancin kai, amma ta shafe sama da shekara 30 tana ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗe mata ba. Dattawa a nan za su tuna 1977, da ɗan wasanmu Godwin Odiye ya jefa ƙwallo a ragarmu da kansa a Legas, Tunisiya ta wuce. A watan Agusta 1989 kuma Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a fili ana wasa da Angola, rai ya yi halinsa, daga baya Kamaru ta tare mana hanya. A wannan shekarar ce aka ɗauko mai horarwa ɗan ƙasar Holan, Clemens Westerhof, kuma aka bar shi ya yi shekara 5 yana aikinsa. Wannan haƙurin shi ne abin da nake so mu riƙe, domin mu mutane ne masu son shuka da safe mu girbe da yamma.

Ranar 8 ga Oktoba 1993 aka tashi ci 1 da 1 da Aljeriya a gidanta, Finidi George ne ya ci mana, kuma hakan ya wadatar aka sami tikitin zuwa Amurka. A watan Afrilu 1994 ƙungiyar ta ɗauko Kofin Afirka a Tunisiya bayan ta doke Zambiya 2 da 1. Sai ranar 21 ga Yuni, a birnin Dallas, Super Eagles suka fito karon farko a idon duniya. A nan gida dare ya riga ya raba, amma ba a yi barci ba. Mai talabijin ya fito da ita ƙofar gida, marar ita ya manna rediyo a kunne. Aka lallasa Bulgeriya 3 da nema. Kada wani ya raina Bulgeriyar nan, don ita ce ta zo ta huɗu a gasar. Ajantina ta ci mu 2 da 1, muka ci Girka 2 da nema, muka fito a saman rukuni.

Wasan Italiya na 5 ga Yuli har yau yana yi mini ciwo. Emmanuel Amunike ya ci tun kafin hutun rabin lokaci, aka kori ɗan wasansu guda, saura minti 2 a tashi Roberto Baggio ya farke, ya ƙara da fenareti a ƙarin lokaci. Na sha gaya wa ɗalibaina cewa jarrabawa ba ta ƙarewa sai an karɓi takarda.

Mu tuna halin da ƙasa take ciki a lokacin. An soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, soja na kan mulki, Kudu da Arewa ana kallon hadarin kaji. Duk da haka, da Rashidi Yekini ya ci ƙwallon farko ya shiga raga ya riƙe ta yana kuka, babu wanda ya tsaya tambayar ƙabilarsa.

To, ina Yekini ya fito? A Kaduna aka haife shi, kuma ya fara wasa ne a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna. Ku duba wannan da kyau, jama'a: masaƙa audugar manoma take ci, kuma ƙasar Funtuwa da kewayenta, har da mu, gidan auduga ce. Ke nan gumin iyayenmu yana da ɗan rabo a takalmin da ya ci wa Nijeriya ƙwallonta na farko a Kofin Duniya. Daniel Amokachi, wanda ya ci na biyu a daren, shi ma ɗan Kaduna ne, daga Ranchers Bees aka gano shi. A wancan zamani masaƙa na da ƙungiya, makaranta na da fili, kowane malami ya san ranar wasanni. Mu a kwalejin horon malamai, motsa jiki darasi ne da ake koya mana kamar lissafi. Masaƙun suka durƙushe, ƙungiyoyinsu suka bi su. Yekini ya rasu a 2012. Nijeriya ta rasa gurbi a gasar 2022, sannan a watan Nuwamba 2025 Kongo ta doke ta a bugun fenareti a birnin Rabat.

Ba na yaudarar kowa cewa fili zai kawo ƙarshen ta'addancin 'yan bindiga. Mun ga abin da ya faru a Ƙanƙara a watan Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300, kuma mun san iyaye nawa suka ji tsoron mai da 'ya'yansu aji tun daga nan. Amma a shekarun da na yi ina koyarwa, na ga yaran da ƙwallo kaɗai ke kawo su makaranta, har karatun ya kama su. Yaron da ya gaji a fili da la'asar, da wuya a same shi a kangon da ake shaye-shaye da dare.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. A sa dattawa da dagatai su auna filayen makarantunmu na firamare, a kafa musu alama, a rubuta a takarda kafin gine-gine su cinye su. Sannan a sa kofi tsakanin makarantun, a ware masa kuɗi a kasafin ƙungiya na shekara 5 a jere, ko shugabanci ya canza ko bai canza ba. Ni na ɗauki nauyin ƙwallo biyu da usur daga ɗan fanshona, kuma zan miƙa wa ma'aji kafin a tashi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.