Waƙar Yabo da Murya Kaɗai

Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni 16:25, inda Bulus da Sila suka raira waƙar yabo da tsakar dare a kurkukun Filibi. Su biyu ne, ƙafafunsu cikin turu, ba ganga, ba garaya, amma sauran 'yan kurkuku suka kasa kunne.

Wata Lahadi muna sujada a wata ƙaramar majami'a wajen Kuje, nan yankin Abuja, sai wuta ta ɗauke. Lasifika ta yi shiru, mu ma muka yi shiru muna kallon juna har aka ta da janareta. Gaskiya abin ya ba mu kunya.

Masu bi na dā ba su jira inji ba. A ƙarni na 6, Benedik na ƙasar Italiya ya tsara wa mutanen da suka keɓe kansu domin addu'a su gama Zabura 150 kowane mako. Da baki suke rera ta, dukansu a kan murya ɗaya. Daga baya aka laƙaba wa irin wannan waƙa sunan Paparoma Gregori, wanda ya rasu a shekara ta 604. Har yau 'yan'uwanmu Katolika sukan rera ta da Latin, a nan Abuja ma.

Wajen shekara ta 1200, a majami'ar Notre Dame ta birnin Paris, wani mawaƙi mai suna Perotin ya shirya waƙa mai murya huɗu. Murya ta ƙasa tana riƙe sauti ɗaya mai tsawo, ukun suna hawa da sauka a bisanta. Mutane kaɗan sun isa, amma aikin ba sauƙi. Dole ka ji ɗan'uwanka fiye da yadda kake jin kanka, ku ja numfashi tare. Mutum ɗaya ya ɗaga murya don a san da shi, waƙar ta ɓaci, babu kuwa kiɗan da zai rufa masa asiri.

Iyayenmu na Zumuntar Mata sun san wannan, ɗaya ta bayar, sauran su amsa. A addu'ar gida yau da dare, ku gwada Zabura ta 23 haka, da Hausa ko Gbagyi ko harshen gidanku: baba ya ja, mama da yara su amsa, a hankali. Sai mun sadu a shiri na gaba.