Boila ta tsaya cikin sanyi: abin da za mu taɓa da hannunmu da abin da za mu bar wa masu shi

Jawabin da ɗaya daga cikin masu aikin sa-kai na ƙungiyarmu ya gabatar a taron jama'ar zango a Landan, bayan sallar Isha'i, gab da shigowar hunturu.

  

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan boila, wato akwatin nan da ke rataye a bangon kicin ko cikin kabad, wanda ke ba mu ruwan zafi yana kuma ɗumama ɗakuna. Mu ba injiniyoyi ba ne, 'yan kasuwa ne. Abin da ya kawo mu gabanku shi ne duk shekara, da sanyi ya kama, wayar ƙungiya ba ta hutawa, kuma maganar ɗaya ce: hita ta mutu, yara na rawar ɗari, me za a yi? Yawan shiga gidajen nan da tsayawa kusa da masu gyara ya koya mana wasu abubuwa, su ne muke so mu raba da ku.

A hunturun da ya wuce mun je wani gida a cikin jama'armu. Ba za mu faɗi suna ba. Boilarsu ta yi ta tsayawa, maigidan ya ga kuɗin injiniya da yawa, sai ya kira wani ɗan'uwa mai hannu, irin wanda a gida zai gyara maka janareta da fanka da rediyo duk a yini ɗaya. Ya buɗe murfin, ya taɓa nan ya taɓa can, wuta ta kama, aka yi masa godiya da addu'a. Bayan kwanaki uwargida ta fara ciwon kai, yara na amai, kaka tana kwana tana wuni barci. Aka ce mura ce, aka sha Paracetamol, har aka nemi rubutu. Babbar 'yarsu ce ta lura da cewa in ta tafi makaranta kanta yana sakewa, da ta dawo gida sai ya dawo. Da injiniya mai rajista ya zo, ya tarar murfin bai koma daidai ba, hayaƙi na dawowa cikin kicin. Nan take ya rufe gas ɗin. Allah ya tsare, kowa ya warke. Amma mun fito daga gidan nan jikinmu a sanyaye, domin ɗan'uwan da ya yi gyaran ba mugu ba ne, taimako ya je yi.

Mu fara da sanin abin da ke cikin akwatin. Gas yana shigowa ta bututu ya kama wuta a wani ɗaki rufaffe cikin boilar. Wutar tana dafa ruwa, wani ɗan famfo ya tura ruwan ya zaga radiyetocin gida ya dawo. Akwai fanka da ke kore hayaƙin ta bututun da ya huda bango zuwa waje. Tun 2005 kusan duk boilar da ake sawa a Ingila irin wadda ke tatsar zafi daga hayaƙin ce, shi ya sa take zubar da ɗan ruwa ta wani farin bututun roba zuwa magudana. To ga rabon aikin: ruwa, maɓallai da batir, waɗannan namu ne. Gas, wuta da hayaƙi, waɗannan ba namu ba ne.

Idan boila ta tsaya, kafin a kira kowa, a duba abubuwa shida.

Na farko, mita. Da yawa cikinmu mitar kati muke da ita. Sau nawa muka je gida aka ce boila ta lalace, ashe kuɗi ne ya ƙare. A kunna murhun girki a gani. In shi ma bai kama ba, matsalar ba ta boila ba ce. A sa kuɗi, a bi abin da mitar ta rubuta, domin sau da yawa sai an danna maɓalli kafin gas ya dawo. In babu kuɗi a hannu, akwai bashin gaggawa a mitar, kuma kamfani na iya ƙarawa in an kira su an yi bayani.

Na biyu, lantarki da agogo. A duba ko fuskar boilar na da haske, ko wani yaro ya kashe makunnin da ke bango kusa da ita. A duba na'urar daidaita zafi da ke falo ko baranda, wataƙila batirinta ne ya mutu. A duba agogon da ke kunna hita da kashe ta, musamman bayan an mayar da lokaci baya a ƙarshen Oktoba ko bayan ɗaukewar wuta.

Na uku, matsin ruwa. A gaban boila akwai ɗan agogo mai allura, ko lamba a fuskarta. In boilar ta huce, allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗo ƙasa sosai, boila takan ƙi tashi don kare kanta. Ƙarƙashinta akwai wata 'yar tiyo mai launin azurfa da ƙananan famfuna a bakinta. A kashe boilar, a bari ta huce, a buɗe famfunan a hankali ana kallon allura, da ta kai wurin sai a rufe su tsaf. Littafin boilar ya nuna yadda ake yi, in ya ɓace ana samunsa a intanet da sunan boilar. Wanda ke gidan haya ya fara tambayar mai gidan. Kuma in ana ƙara ruwa yau, jibi ya sake sauka, to akwai yoyo ko wani abu ya lalace a ciki. A daina ƙarawa, a kira mai gyara.

Na huɗu, radiyeta. In ƙasanta da zafi samanta da sanyi, iska ce ta taru a ciki. A kashe hita, a sa ɗan makullin nan mai araha a gefen sama, a riƙe tsumma, a murɗa kaɗan. Za a ji iska na fita, da ruwa ya biyo baya sai a rufe, sannan a koma a duba allurar matsi. In kuwa sama da zafi ƙasa da sanyi, dauɗa ce ta kwanta, wannan aikin mai gyara ne.

Na biyar, farin bututun roban da muka ambata. In ya bi ta waje, yakan daskare a daren da sanyi ya tsananta, ruwa ya rasa hanya, boila ta yi ƙarar kurkurar baki ta tsaya. Waɗanda suke nan a ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018 sun tuna yadda ƙanƙara ta rufe ƙasar nan, gidaje da yawa wannan ne kawai ya same su. Maganinsa ruwa mai ɗumi a buta, a zuba a jikin bututun daga waje, ko a ɗora masa gorar ruwan zafi. Ban da tafasasshen ruwa, yana fasa roba. In bututun yana sama, kada dattijo ya hau tsani a kan ƙanƙara. A lura kuma ruwan da ya zube ƙasa zai daskare ya zama santsi.

Na shida, maɓallin sake tayarwa. A danna sau ɗaya. In ta tashi, alhamdu lillahi. In ta sake tsayawa, kada a yi ta dannawa. Boila ba taurin kai take yi ba, wani abu ta ji ba daidai ba ta kulle kanta. A ɗauki hoton harafi da lambar da ta nuna a fuskarta, a aika wa injiniya, zai san abin da zai riƙo.

Iyakarmu ke nan. Duk abin da sai an kwance murfi da sukundireba, ba namu ba ne. A boiloli da yawa murfin nan da kansa yana cikin abin da ke tsare hayaƙi, in bai zauna daidai ba, abin da ya faru a gidan da muka ba ku labari shi zai faru. Dokar gas ta 1998 ta hana wanda bai ƙware ba taɓa kayan gas, kuma duk mai yin wannan aiki a matsayin sana'a dole ya kasance cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. Kowane injiniya yana da kati mai hotonsa da lamba bakwai da ranar ƙarewa, a bayan katin an jera irin aikin da aka yarda ya yi. Wani an yarda masa murhun girki amma ba boila ba. Neman ganin kati ba raini ba ne, ko da mutumin sahu ɗaya muke sallah da shi. Mai gaskiya da kansa zai miƙo. Ana iya tabbatar da lambar ta kiran 0800 408 5500.

Mun san inda abin ke mana ciwo. Mun taso a Nima, a zangon Kumasi, a Tamale, inda mutum ba ya jefar da abu sai ya gwada gyara shi, kuma wannan hali ne mai kyau. Amma can iska na shiga ta ko'ina, girki a tsakar gida ake yi. Nan kuwa tagogi masu gilashi biyu ne, ƙofofi a rufe, hayaƙin da ya shigo ba shi da hanyar fita. Araha ba ta ado, a wannan wuri ma tana iya cin rai.

Hayaƙin da muke tsoro sunansa kabon monoksaid. Ba shi da wari, ba shi da launi, ba a ɗanɗana shi. Warin da muke ji na gas, kamfani ne ke zuba shi da gangan don a gane yoyo, amma wannan hayaƙin babu mai yi masa haka. Yana shiga jini ya kama wurin da iskar numfashi ke zama. Alamominsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ƙarancin numfashi. Abin lura: in mutanen gida da yawa suna jin haka lokaci ɗaya, kuma suna samun sauƙi in sun fita, a yi zargin hayaƙi. A jikin kayan gas kuma, harshen wuta shuɗi ya kamata ya zama. In ya koma rawaya yana lilo, ko ana ganin baƙin tabo a bango kusa da boila, ko tagogi na yawan gumi fiye da da, a kashe a kira injiniya.

Kariyar ita ce ƙararrawar kabon monoksaid, kuɗinta wajen fam 20, ƙasa da abin da muke kashewa a ankon biki ɗaya. Daban take da ƙararrawar hayaƙin gobara, kowace da aikinta. In ta yi kuka, kada a cire batir a koma barci. A buɗe tagogi, a fitar da kowa, a kira 0800 111 999. Wanda jikinsa ya nuna alama a kira 111, in ya suma ko numfashi ya yi wuya a kira 999, a gaya musu ana zargin hayaƙi ne. Haka in an ji warin gas: ban da ashana, ban da taɓa makunnin lantarki ko kunnawa ko kashewa, a buɗe ƙofofi, a juya hannun da ke jikin mita ya gitta bututu, a fita waje sannan a yi waya. Lambar kyauta ce, dare da rana. A rubuta ta a manna a firiji.

Iyayenmu mata, da girmamawa muke roƙonku abu uku. In hita ta mutu, kada a kunna murhun girki ko a buɗe oben don ɗumama ɗaki. Kada a shigo da gawayi cikin gida, ko na gasa nama ko kurfoti, ko bayan ya yi kamar ya mutu, domin yana ci gaba da fitar da hayaƙin. Kaskon turaren wuta ma a bar taga a buɗe, kada a kwana da shi. Sannan ramukan iska da ke bango ko ƙofa, kada a toshe su da tsumma ko jarida don sanyi, da dalili aka huda su. A tara iyali a ɗaki ɗaya, a yi amfani da hitar lantarki da barguna, a kira mu.

Masu zaman haya, ku san haƙƙinku. Gyaran hita da ruwan zafi a wuyan mai gida yake, ba a wuyanku ba. Dole ne duk shekara ya kawo injiniya mai rajista ya duba kayan gas, ya ba ku kwafin takardar cikin kwana 28. Tun 1 ga Oktoba 2022 kuma, a Ingila, dole ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take. Ku sanar da shi a rubuce, ku ajiye saƙon. In ya yi biris, kansil na da sashen da ke bin irin wannan. Wanda Turanci ke ba shi wahala, ko yake tsoron a kore shi in ya yi magana, ya zo mu zauna mu rubuta tare. 'Yan'uwanmu da Allah ya hore wa gida suna ba da haya, wannan nauyi a kanku yake, ko da ɗan ƙanenku ne ke zaune a ciki. Masu gidan kansu kuma su riƙa kiran injiniya sau ɗaya a shekara, gara a Satumba kafin layi ya yi tsawo.

Dattawan da suka kai shekarun fansho, da masu rashin lafiya, da gidajen da ke da yara ƙasa da shekara biyar, akwai rajista kyauta a kamfanonin gas da lantarki mai suna Priority Services Register, wadda ke sa a fara kula da ku in an sami matsala. Kira ɗaya ne. Za mu zauna a bakin ƙofa bayan an tashi, duk mai so mu taya shi.

Malamanmu sun sha karantar da mu cewa rai amana ne, kuma tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Roƙonmu a daren nan: kowa in ya koma gida ya duba ko yana da ƙararrawar nan, ya danna maɓallinta ya ji ta yi kuka. Gobe kuma ya leƙa tsoho ko tsohuwar da ke zaune ita kaɗai kusa da shi, ya duba tata. Wanda Allah ya hore wa, ya sayi biyu ya kawo ɗaya ofishin ƙungiya, sadaka ce.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure namu ne, a yafe mana. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya fitar da mu wannan hunturu lafiya, ya jiƙan magabatanmu.