Daga 1897 zuwa 1956: ranar da doka take tambaya

 

An ce mu ɗan yi bayani kan shari'a. Mun zaɓi maganar jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, domin ba mai samun fasfo ko rajistar kasuwanci sai da lambar ƙasa, lambar kuwa a kan jinsiyya take tsaye. Wanda ba shi da ita, ko buhunsa ya kai Gallabat, da sunan wani zai ƙetare.

Dokar da Turawa suka yi a 1948, da wadda ta biyo bayan 'yancin kai a 1957, duk rana guda suka riƙe: 31 ga Disamba 1897. Sai wanda kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun wannan rana ake kira ɗan ƙasa na haihuwa. To, ku lissafa. An kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya sauka bakin Shuɗin Nil wajen 1906. Ke nan garin Maiurno kacokan ya makara da shekara tara. Waɗanda suka zo aikin auduga bayan an gama madatsar Sennar a 1925, su ba a ma maganarsu. Mutum an haife shi a nan, ya binne ubansa a nan, amma sai dai ya nemi jinsiyya ta roƙo, wadda ake ce wa tajannus.

A zamanin Numeiri aka matso da ranar zuwa 1924. Dokar 1994 ta kawo ta 1 ga Janairu 1956, ta kuma daina hana mutum riƙe jinsiyya biyu. Wannan ita ce dokar da yawancinmu muke tsaye a kanta yau, kuma mai fasfon Nijeriya ko na Nijar ba dole ne ya ɓoye shi ba.

Sai dai a 2011, da Kudu ta ɓalle, aka yi gyaran da ya ce duk wanda ya sami jinsiyyar Sudan ta Kudu, a hukumance ko a aikace, tasa ta Sudan ta faɗi. Ba mu aka nufa ba. Amma mu da aka daɗe ana ce mana Fallata baƙi, ya kamata mu kula da kalmar nan “a aikace”, don ma'aikaci ne yake duban asalinka ya yanke, ba alƙali ba. Wata yarinya, uwarta 'yar Sudan, ubanta asalinsa Kudu, aka hana ta lambar ƙasa lokacin da take neman shiga jami'a. Ƙararta ta kai gaban kwamitin Tarayyar Afirka mai kula da haƙƙin yara, a 2018 ya ce Sudan ta tauye mata haƙƙi. Abin da ya ƙarfafa hujjarta, tsarin mulkin 2005 ya riga ya ce wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne yana da haƙƙin jinsiyya. Masu 'ya'ya mata da suka auri mutanen ƙetare, wannan hukunci naku ne.

Yanzu ga inda abin ya fi ciwo. Daga Disambar 2023 da Madani ta faɗi zuwa Janairun 2025 da sojoji suka karɓe ta, gidaje nawa suka gudu ba ko takarda ɗaya? Singa ma haka a 2024. Dattawan dangin uba da ake kai wa ofis su yi shaida, wasu sun rasu a hanya.

Don haka muna roƙon kowane memba, kafin taro na gaba, ya tattaro abin da ya rage: jinsiyyar uba, takardar hawasha, tsohon rasiɗin haraji. A ɗauki hotonsu a waya, a aika wa ɗan'uwa da ke wata ƙasa. A rubuta sunan dattijon da zai iya shaida, da garin da yake yanzu, a ba sakatare.